Yadda Za a Farfaɗo da Ciyawar Tsakar Gida Ba Tare da Takin Zamani Ba

Malam, ka ce ciyawar gidanka da ke Agege a Legas ta yi ja, ta mutu a wurare da dama, kuma ba ka son zuba takin zamani ko maganin feshi saboda yara suna wasa a kanta.

Abin da na fi zargi shi ne ƙasar ta danƙare, domin tattaki da ruwan sama mai ƙarfi na watan Yuni da Yuli suna danne ta har saiwa ta rasa iska. Ka soka ƙarfe mai tsini ka gani. Idan ya ƙi shiga da sauƙi, sai ka huda filin ko'ina, zurfin kamar santimita 10, sannan ka barbaɗa ruɓaɓɓen takin shanu, kauri bai wuce santimita 1 ba, yadda kan ciyawar zai riƙa leƙowa. Ana samun kashin shanu a wajen mayankar Oko-Oba da ke Agege, amma ka tara shi ya kwana watanni har ya yi baƙi, ya daina wari, domin ɗanye yana ƙona ciyawa, balle kashin kaji.

Inda rana take bugawa sosai, ka dasa ciyawar kiri-kiri a farkon damina, wajen Afrilu, amma ba ta son inuwa ko kaɗan. Wajen yanka, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, kuma ka bar abin da ka yanke ya ruɓe a wurin. Aya-aya kuwa, idan ta fito a cikin ciyawar, sai an tono ta da 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, in ba haka ba za ta sake tohowa.