Ka fara musu da gahawa, Latin ta jira

Malam ƙarami, jiya a ofishin malamai ka ce mini ka cika wa 'yan SS 2 allo da saiwoyin Latin da Girkanci har talatin, sun kwafe tsaf, amma da mako ya zagayo ko biyar babu mai tunawa. Kana tambaya ko darasin asalin kalmomi ɓata lokaci ne ga yaron da jimla ɗaya ta Turanci ma da ƙyar yake haɗawa. Darasin ba shi da laifi. Hadda ka ƙara musu a kan haddar da ta riga ta yi musu yawa, shi ya sa ta zube.

Ni idan zan buɗe wannan babi, tambayarsu nake yi wa ya taɓa shan gahawa. Hannuwa su tashi. Sai in rubuta gahawa a gefe ɗaya, coffee a ɗaya gefen, in ce musu uwarsu ɗaya, wato qahwa ta Larabci. Tamu ta zo mana kai tsaye, tasu sai da ta bi ta bakin Turkawa da 'yan Holan kafin ta isa Ingila. Daga nan sukari da sugar, sifili da cipher da zero. Yaron da ya yi Islamiyya zai fara gyara zama. In ka ga haka, kawo algebra: daga al-jabr take, kalmar da ke cikin sunan littafin lissafin da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajejen shekarar 820, kuma sunansa ne ya rikiɗe ya zama algorithm. A ranar Turanci yake daina zama baƙon da ya faɗo daga sama.

Bayan haka ka juya musu abin. Su kawo maka abin da Hausa ta ara: bokiti, tebur, asibiti, direba. In akwai mai dangi a Maraɗi ko Damagaram, zai gaya maka can lakwal suke ce wa makaranta, domin su Faransanci suka ara. Su da kansu za su gano cewa bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a gaɓa ɗaya, sai ya cusa wasali. Wanda ya gane haka ya gane yadda aro ke tafiya a kowane harshe.

Labari ɗaya ne na tarihi ba na tsallakewa. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu shekaru aru-aru. Talaka mai kiwo yana cewa cow da sheep, mai ci a fada yana cewa beef da mutton. Yara suna son wannan, don sun san bambancin bakin fada da bakin kasuwa. Kuma yana warware musu wani ciwon kai: me ya sa Turanci ke da ask kuma yake da enquire, yake da begin kuma yake da commence. Tambayoyin ma'ana da kishiya na WAEC da JAMB cike suke da irin waɗannan tagwaye.

Sai yanzu saiwoyinka za su shigo, kuma biyu sun isa darasin minti 40. Tuna musu da karanta, makaranci, makaranta. Sun san aikin ɗafa-goshi tun a ajin Hausa. Ba su port, ka ce ɗauka take nufi, su nemo import, export, transport, porter. Ka bar su su yi ta cacar baki a kan portable kafin ka sa baki. Wani makon ka roƙi malamin Biology ya ara maka kalmomi biyar daga darasinsa, su fasa photosynthesis gida biyu, haske da haɗawa. Amfanin duk wannan shi ne ran da yaro ya ci karo da baƙuwar kalma a ɗakin jarrabawa, babu ƙamus, ya iya yin hasashe mai tushe.

Abu ɗaya nake ja maka kunne a kai: kama da wane ba ta wane. Na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai boko daga book ta fito, har sai da masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin jabu ko yaudara, irin ta amaryar boko. Kunya ta ishe ni, amma na koma aji na gyara. Duk asalin da ya yi maka daɗi a kunne, duba ƙamus tukuna. Kuma kada ka bari su ɗauka tsohuwar ma'ana ita ce ta yau. Nice a da wawa take nufi, wanda ya rubuta haka a jarrabawa kuwa ya faɗi.

Ranar Litinin kana da su bayan tara. Goge jerin nan na talatin, ka shiga da kalma uku. Zan zauna a bencin baya.