Amsa: Koya wa 'yan sakandare bincike alhali babu ɗakin gwaji

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa 'yan SS2 bincike a darasin kemistiri, ga shi makarantarku ba kayan gwaji. Shawarata, ki fara daga madafa.

Ki sa su jiƙa zoɓo, su tace, su raba a kofuna masu haske. Su ɗiga lemun tsami a ɗaya, ruwan kanwa a wani, ruwan toka a wani. Mai lemun zai ƙara ja, na kanwa da toka su rikiɗe zuwa kore-kore mai duhu. Sinadarin antosayanin da ke cikin zoɓo ne ke sauya launi gwargwadon pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa asid ne irin lemun tsami (ƙasa da 7), ko kishiyarsa ne irin kanwa da toka (sama da 7). Amma don Allah kada ki riga su faɗa, bari su fara hasashe su rubuta.

Inda binciken gaske yake shi ne wake. Kowace uwa ta san kanwa na sa shi saurin nuna, to su tabbatar da kansu. Tukwane biyu iri ɗaya, wake gwangwani guda-guda, ruwa daidai, wuta daidai, ɗaya da kanwa, ɗaya babu. Su duba agogo, su maimaita a wata rana. Za su yi gardama kan yaushe ake cewa wake ya nuna, kuma wannan gardamar ce nake so, domin dole su tsayar da ma'auni guda kafin a ɗora tukunya.

Soda ta haɗa sabulu kam kada ta shigo aji, tana ƙona fata.