Ku Tambaya, Mu Amsa: Ɗan takara mai ra'ayin riƙau da addininsa a zaɓen Amurka

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. Idan ana maganar 'yan takara masu ra'ayin riƙau a Amurka, sai in ji ana kafa misali da Rick Santorum. Wane ne shi, kuma me ya tsaya a kai?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Santorum ɗan ɗariƙar Katolika ne, ya wakilci jihar Pennsylvania a Majalisar Dattawa daga 1995 zuwa 2007, sannan ya nemi tikitin shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican a 2012. A zaɓen fitar da gwani na jihar Iowa an fara shelanta cewa Mitt Romney ya kayar da shi da ƙuri'a 8, amma da aka tantance alƙaluma sai ya zama shi ne ya ci da ƙuri'a 34. Ya lashe jihohi 11 kafin ya janye a watan Afrilu.

Matsayinsa ba ɓoyayye ba ne. Yana adawa da zubar da ciki, har shi ne ya jagoranci ƙudurin da ya haramta wani nau'in zubar da cikin da ya yi nisa, wanda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2003. Yana adawa da auren jinsi. A karan kansa ba ya goyon bayan magungunan hana ɗaukar ciki, bisa koyarwar cocinsa. Ya kuma soki jawabin da John F. Kennedy ya yi a birnin Houston a 1960, inda Kennedy, ɗan takarar shugaban ƙasa wanda shi ma ɗan Katolika ne, ya tabbatar wa limaman Furotesta cewa coci ba za ta juya shi ba idan ya hau mulki. A ganin Santorum, wannan ya zama hujjar korar addini daga harkokin jama'a.

Wani abin lura: a jihohin Michigan da Ohio, Katolikan da suka yi zaɓe sun fi karkata ga Romney, wanda mabiyin cocin Mormon ne, ba ɗan Katolika ba. Kiristoci 'yan bishara, waɗanda ba ɗariƙarsu ɗaya da Santorum ba, su ne ƙashin bayan tafiyarsa.

TAMBAYA: Malam, da irin wannan mutum zai ci zaɓe, zai iya mayar da aƙidarsa doka? Ni malamar makaranta ce, kuma ɗalibaina sun sha yi mini wannan tambaya.

AMSA: Malama, nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin suna haɗa abin da ɗan takara ya yi imani da shi da abin da kujerarsa za ta iya yi. Ki raba wa ɗalibanki alkawuran gida uku.

Akwai wanda shugaba zai cika da alƙalaminsa shi kaɗai. Misali shi ne tsarin da Ronald Reagan ya ƙirƙiro a 1984, wanda ya hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje masu aikin zubar da ciki ko ba da shawara a kansa. Bill Clinton ya soke shi a 1993, Bush ya dawo da shi a 2001, Barack Obama ya sake soke shi a 2009, haka aka yi ta yi. Abin da sa hannu ɗaya ya kafa, sa hannu ɗaya ke rushe shi, don haka mai cikawa da sauri bai cika daɗewa ba.

Akwai wanda sai da majalisa. Dokar yau da kullum kan buƙaci sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. Gyaran kundin tsarin mulki kuwa ya fi haka wuya nesa: kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan amincewar jihohi 38 cikin 50. Santorum na cikin waɗanda suka yi ta faɗi-tashi a 2004 don a rubuta a kundin cewa aure tsakanin namiji da mace ne kawai. Ƙuri'a 48 suka samu a matakin farko, maganar ta mutu a nan. A 2015 Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar.

Na uku shi ne alƙalai, kuma a ra'ayinmu shi ya fi komai nauyi duk da ba a cika yi masa ganga a wajen yaƙin neman zaɓe ba. Alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, shugaba ke zaɓo su, sanatoci su tabbatar, kuma ba su da wa'adi. Hukuncin 1973 da ya ba mata damar zubar da ciki ya kai shekara 49 yana aiki, sai a 2022 aka soke shi, bayan Donald Trump ya naɗa alƙalai uku a 2017 da 2018 da 2020. Ki duba da kyau: burin da Santorum ya daɗe yana yi wa hidima, a hannun mutumin da ba a san shi da yawan ibada ba ya cika.

TAMBAYA: Malam, tunda yana ƙin zubar da ciki da auren jinsi, ashe ke nan ra'ayinsa ya zo ɗaya da na Musulmi? Ina da ƙani da ya samu takardar zama ɗan ƙasa a can, kuma irin waɗannan 'yan takara yake son zaɓa.

AMSA: Alhaji, a kan waɗannan batutuwa biyu akwai kusanci, ba mu musa ba, ko da yake malaman fiƙihu suna da tafsili a kan cikin da ke barazana ga ran uwa da kuma adadin kwanakinsa. Amma kada ƙaninka ya tsaya nan. A wata muhawarar talabijin a watan Nuwamban 2011, Santorum ya goyi bayan a riƙa tsananta wa Musulmi bincike a filayen jirgin sama. Mutum zai iya yarda da kai a kan tarbiyyar iyali, amma yana kallon masallacinku da zargi.

Ka ce masa ya bar jawabin dandali, ya nemi tarihin ƙuri'un ɗan takarar, domin ana wallafa yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a a shafin intanet na majalisar. Ya kwatanta kalaman lokacin fitar da gwani da na babban zaɓe, saboda a na farko 'yan jam'iyya masu tsauri ake lallashi, a na biyu kuma harshe kan yi laushi. Sannan ya binciki abin da ɗan takarar ya ce lokacin da wata unguwa ta tashi hana gina masallaci, ko aka kori wata daga aiki saboda hijabi. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta gindaya sharaɗin addini kafin riƙe muƙami, gyara na farko kuma ya kare 'yancin ibada ga kowa. Ɗan takarar da ke ambaton waɗannan kawai idan coci ce a cikin matsala, ƙaninka ya yi masa tambaya kai tsaye a taron gari kafin ya ba shi ƙuri'arsa.