Tambaya da Amsa: Yarona na Amurka yana son sayen bindiga

Salamu alaikum Malam. Yarona yana garin Kolombos a jihar Ohayo yana tuƙin Uber, jiya da muna waya yake ce min zai sayi bindiga wai don tsaron kai, wai jiharsu ta soke lasin yanzu kowa ma zai iya yawo da ita a aljihu. Wallahi ban runtsa ba. Da gaske ne gwamnati da kanta take soke dokar bindiga? Me zan gaya masa?
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Abin da yaron ya faɗa akwai gaskiya ciki, amma ya bar miki rabin zancen a baya.

Mu nan Gana doka ɗaya ce daga Bawku har bakin teku, wurin 'yan sanda ake neman lasin kuma duk shekara sai an sabunta, tsarin mulkin 1992 bai ba kowa haƙƙin riƙe bindiga ba. Su can kuwa tun 1791 aka rubuta haƙƙin riƙe makami a tsarin mulkinsu, sannan jihohi 50 kowacce da tata dokar. To masu son a sassauta, irin su ƙungiyar masu rajin riƙe bindiga ta NRA da mafi yawan 'yan jam'iyyar Rifablikan, jiha jiha suke bi suna warwarewa. Alaska ta cire lasin yawo da bindiga a 2003, Arizona 2010, Teksas 2021, Fulorida 2023, zuwa 2024 jihohi 29 sun bi sahu. Ohayo a Yunin 2022 tata ta fara aiki, da can sai mutum ya yi horon awa 8 kafin a ba shi takarda, yanzu in ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya hana shi shikenan. A Yunin 2022 ɗin dai Kotun Ƙolinsu ta rushe tsohuwar dokar Niyok da ta ce sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a bar ka ka fita da bindiga.

Hujjarsu ita ce ɗan fashi ba ya zuwa neman lasin, mutumin kirki kawai ake wahalarwa da kuɗi da layi. Maganar ba wofi ba ce, mu ma mun san bindigogin da maƙera ke ƙerawa a ɓoye da na 'yan tsaron fili ba su taɓa ganin ofishin 'yan sanda ba. Amma ni dai ban gamsu ba Hajiya, saboda an gwada an gani. Jihar Mizuri ta soke takardar izinin sayen ƙaramar bindiga a 2007, masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka bi lissafi suka tarar kisan kai da bindiga ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarun da suka biyo. A 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, kuma abin da ya fi tada min hankali fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Yaro a ƙasar sanyi shi kaɗai a ɗaki, ga bashi ga kewar gida ga mu nan muna ta bugo waya a turo kuɗi, ba na so bindiga ta kwana kusa da shi a irin wannan daren.

Yanzu ga rabin da bai gaya miki ba. Jiha ce ta cire lasin, dokar tarayya tana nan daram. In ba shi da takardun zama, ko da bizar ziyara ko ta karatu ya shiga, to a ƙa'ida haramun ne ya riƙe bindiga sai 'yan keɓantattun halaye, in aka kama shi gidan yari ne sannan a sako shi jirgi. Mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, doka ta yarda masa, amma shi ma in ya ɗauke ta a mota ya je gaida 'yan uwa a unguwar Bironks ta birnin Niyok da babbar salla ba tare da lasin Niyok ba, babban laifi ne a can. Shi kansa kamfanin Uber ya hana direbobinsa ɗaukar bindiga lokacin aiki, in fasinja ɗaya ya kai ƙara za a iya rufe masa akawun. Kuma baƙar fata ne, kar ya manta da Philando Castile da ɗan sanda ya harbe cikin motarsa a Minesota a 2016, alhali yana da lasin kuma shi da bakinsa ya sanar cewa yana ɗauke da ita.

Kada ki fara da faɗa, ki tambaye shi me ya faru, don mutum ba ya tashi haka kawai ya ce zai sayi bindiga, wataƙila an tare shi ne da dare ya ɓoye miki. In haka ne ya rage aikin tsakar dare, ya sa kyamara a motar, ya daina ɗaukar fasinja a unguwannin da ya san ba lafiya. Ki kuma sa wani babba cikin 'yan Zangon da ke can, limaminsu ko kawunsa, ya zaunar da shi, kuma kafin ya taɓa ko harsashi ɗaya ya fara ganin lauyan shige da fice ya duba masa takardunsa.