Me ake nema a tsohuwar libarba mai ƙaramin harsashi?

Malam, ka tambayi abin da ya sa Turawa ke zuba kuɗi kan tsofaffin libarba masu harsashin .22, wato ƙaramin harsashi mai faɗin inci 0.22, alhali ga manyan bindigogi na zamani.

Sauƙin harbi ne kan gaba. Harsashin .22 LR (Long Rifle, wato dogon samfurin .22), wanda ya fito a Amurka a 1887, yana da araha, ƙararsa kaɗan ce, kuma ba ya fizgar hannu. Mai koyon saiti sai ya wuni yana harbin allo bai gaji ba.

Masu tarawa kuwa aikin ƙarfen suke bi, da tarihi. Kamfanin Smith & Wesson ya fara ƙera libarba mai gajeren harsashin .22 tun 1857, kuma samfurinsa K-22 har yau ana yabon laushin kunamarsa. Wadda launinta na asali bai goge ba ta fi daraja nesa ba kusa ba, kamar dai tsohon takobin gado a hannun mahayan Sallah.

Amma fa nan Kano ba Amurka ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ko ta gado ce, ajiye ta ba izini ɗauri ne.