Fulogi Yana Yin Baƙi Cikin 'Yan Makonni: Laifinsa Ne Ko Na Injin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma ba na son rabuwa da ita. Tun shigowar hunturun bana take wahalar tashi da safe, idan ta tashi kuma injin ya yi ta rawa, ga shan mai da ya ƙaru. Sau biyu makanike yana canza mini fulogi cikin wata biyar, motar takan gyaru na 'yan makonni sannan ta koma gidan jiya. Wani mai sayar da kayan gyara ya ce in sayi fulogi mai tsada na iridiyam, wai shi ba ya mutuwa. Ina so in koyi canza fulogi da kaina. Yaya ake yi, kuma shawarar mai shagon tana kan hanya?

Mai karatu daga Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka, Ya kuma bar ka da wannan gado, domin Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, mota ce da mai ita zai iya kula da ita da hannunsa idan yana da haƙuri.

Kafin maganar canji, ina so ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: canjin fulogi sau biyu a wata biyar. Fulogi na gama-gari mai cikin tagulla yakan yi tafiyar kilomita 20,000 zuwa 30,000 kafin bakinsa ya cinye, saboda haka wanda ya mutu cikin makonni ba tsufa ya yi ba, wani abu ne a cikin injin yake kashe shi. Abin da ya fi ba ni takaici a garejojinmu shi ne yadda ake cire tsohon fulogi a jefar a ƙasa ba tare da kowa ya dube shi ba, alhali shi kaɗai ne ya kwana a cikin silinda, kuma duk abin da ke faruwa a can yana bayyana a bakinsa.

Idan ka cire su, ka jera su huɗu a kan kwali bisa tsarin da suka fito, ka duba bakin kowanne a cikin haske. Wanda ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske kamar ɓawon gyaɗa, ko toka-toka, silindarsa lafiya take. Wanda ya fito baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya mai gogewa a yatsa kamar gindin tukunya, yana nuna fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan, ko kuma wutar da ke zuwa masa ba ta da ƙarfi. Wanda ya fito baƙi a jiƙe yana maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa cikin silinda, ko dai ringin fistan ya cinye ko robobin bawul sun saki, kuma sau da yawa za ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa. Wanda ya fito fari fat, bakinsa kamar ya fara narkewa, zafi ya yi masa yawa, kuma wannan ya fi sauran haɗari domin yana iya kaiwa ga huda fistan.

Bisa bayaninka, na fi zargin busasshen baƙin, musamman da ka ce abin ya soma ne da hunturu. Ƙurar wannan lokaci takan toshe matatar iska cikin sauri, injin ya kasa shaƙar iskar da yake buƙata, kafireta kuma ta ci gaba da zuba fetur. Ka fara da wannan matatar, domin ita ce mafi arha, sannan ka tabbata cok, wato abin da ke rage wa kafireta iska don inji ya tashi da sanyi, yana komawa gaba ɗaya bayan injin ya ɗumama. Ka kuma tambayi makanikenka ko an taɓa cire wa motar tamostat, wato abin da ke tsare ruwan inji daga zagayawa ta lagireto har sai injin ya ɗumama, domin al'ada ce da ta yaɗu a wurinmu a cire shi wai don kada inji ya yi zafi. Bakin fulogi yana buƙatar kaiwa zafin kusan digiri 450 zuwa 500 kafin ya iya ƙone kunkunniyar da ke taruwa a kansa, kuma injin da ba shi da tamostat, ana 'yan gajerun tafiye-tafiye da shi a cikin gari da sanyin safiya, yakan daɗe bai kai fulogin ga wannan zafi ba. Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a koma kan kwantak da kwandensa da murfin distiributa da wayoyin fulogi, waɗanda tsufansu kan raunana wuta.

Wannan ya amsa maganar iridiyam. Gaskiya ne yana daɗewa, yakan kai kilomita 100,000 a injin zamani mai lafiya, amma kunkunniya ba ta san tsada ba, za ta rufe shi kamar yadda ta rufe na baya. Ka sayi na gama-gari daga kamfanin da aka sani, irin su NGK ko Bosch ko Champion, a shagon da ka amince da shi, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Ka tafi da tsohon a hannunka ka gwada tsawon tiredinsa da na sabon, ka kuma duba ko mai wosha ne ko mai wuya kamar mazurari wanda ba ya ɗaukar wosha, domin ba a musanya ɗaya da ɗaya. Lambar zafi, wato lambar jikin fulogi mai nuna yadda bakinsa ke riƙe zafi, ita ma tana ruɗar mutane: a wurin NGK, yadda lamba ke hawa haka fulogin ke ƙara sanyi, a wurin Bosch da Champion kuwa akasin haka ne, don haka kada ka yarda a ba ka na wani kamfani saboda kawai lambar ta yi kama.

Shi aikin kansa ba shi da wuya, amma sai injin ya huce sarai, zai fi kyau da safe kafin a tayar da motar. Kan injin 504 na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, kuma idan yana da zafi tiredinsa kan biyo fulogi ya fito. Fulogin wannan mota yana can ƙasan rami mai zurfi, saboda haka kana buƙatar doguwar safanar fulogi, mai roba a ciki da za ta riƙo shi. Ka kama hular wayar ka murɗa ta kaɗan ka zare, kada ka ja wayar kanta. Ka hure ramin da famfon taya kafin ka kwance, domin duk yashin da ya taru a wurin cikin silinda zai faɗa. Idan ka tarar da baƙin mai kwance a ramin, a jikin fulogin daga sama ba a bakinsa ba, robar ramin ce ke yoyo, gyara ne mai sauƙi, kada wani ya ce maka sai an sauke inji. Ka yi su ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da wayar kowanne kafin ka taɓa na gaba, domin injin yana ba da wuta ne bisa tsarin 1-3-4-2, kuma wayoyi biyu da suka sauya wuri sun isa su hana motar tashi.

Kafin ka saka sabon, ka auna tazarar bakinsa da ma'aunin da makanikai ke kira fila geji. Ga 504 mai kwantak, milimita 0.6 ake so, kuma ƙugiyar waje ake lanƙwasawa a hankali, ba a taɓa ƙarfen tsakiya.

Wurin da nake roƙonka ka fi natsuwa shi ne ɗaurawa. Ka cire hannun safanar, ka riƙe sandar da yatsunka kawai, ka murɗa fulogin ya shiga da kansa har ya zauna. Idan ya cije bayan zagaye ɗaya ko biyu, ya hau a karkace ne, ka warware ka sake. Na taɓa tsayawa a kan wani yaron gareji da ya ji fulogi ya cije ya ƙara masa ƙarfi da bututu, sai ga garin alminiyam yana walƙiya a jikin tiredin da aka zaro shi, aikin minti goma ya koma cire kan inji a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su dasa sabon tiredi. Bayan fulogin ya zauna da hannu, sabo mai wosha rabin zagaye ya ishe shi da safana, marar wosha kuwa ɗan motsi kaɗan ne kawai, kashi ɗaya cikin 16 na zagaye.

Bayan ka yi tafiyar mako biyu, ka sake ciro su da sanyin safiya ka duba launinsu. Idan huɗun sun yi baƙi iri ɗaya, ka koma kan iska da kafireta da kwantak. Idan ɗaya ne kaɗai ya bambanta, ka musanya wayarsa da wata mai kyau, in bai canza ba ka sa a auna matsin wannan silindar.