Laptop ɗina zai iya nemo min dala da lissafi?

Tambaya: Salam Malam, na ga wani bidiyo wai akwai manhajar da mutum zai sa a kwamfuta ta riƙa neman wata babbar lamba, in ta samo a biya shi da dala. Na sa ta a laptop ɗina yau kwana biyu fanka sai ihu take, ƙasan ya yi zafi ba ya taɓuwa. Gaskiya ne ko damfara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba damfara ba ce, amma fara kashe ta tukuna kafin ka ƙarasa karanta wannan.

Manhajar Prime95 ce, ta wani shiri mai suna GIMPS da aka fara tun 1996. Abin da suke nema lambar firayim ce, wato wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta, kamar 7 ko 13, kuma ba kowace iri ba, irin ta Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. Ka ninka 2 sau da yawa sai ka cire 1. Misali 2 sau biyar, wato 2×2×2×2×2, ya ba ka 32, cire 1 saura 31, firayim ce. Dole adadin ninkin shi ma ya zama firayim, amma hakan bai isa ba fa, gwada da 11 za ka samu 2047, ka duba da kalkuleta 23 sau 89 ne, ta faɗi.

A Oktoba 2024 wani Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia mai ƙera kayan kwamfuta a Amurka, ya samo ta 52 a wannan dangi, 2 ninki 136,279,841 a cire 1. Tsawonta lambobi 41,024,320, in ka ajiye ta a fayil ɗin rubutu kusan MB 41 za ta ci, lamba ɗaya tal! Abin da ya fi burge ni shi ne a harshen kwamfuta na 0 da 1 babu sifili ko guda a cikinta, 1 ne kawai jere sau miliyan 136 da ɗoriya.

To shi wannan bawan Allah ba laptop ya yi amfani da shi ba, dubban katunan GPU (na'urorin kwamfuta masu saurin lissafi) ya yi haya ta intanet a ƙasashe daban daban, kuma kafin shi shekara kusan shida aka yi ba a samu sabuwa ba tun ta Disamba 2018. Ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne. Kai kuma gwajin lamba ɗaya kacal zai iya cin makonni injin na aiki ba tsayawa, ga matsalar wuta ga kuɗin man janareto, batir ya kumbura a banza.

Inda Prime95 za ta yi maka amfani shi ne ranar da za ka sayi kwamfuta ta hannu, ka kunna ta minti 20 a gaban mai shagon, in injin ya mutu da kansa ko allo ya koma shuɗi ka mayar masa da kayansa.